Cinyar ragon da yayanka ya aiko

Tambaya ce ta zo daga wani magidanci a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Ya ce shekara uku ke nan rabon da su yi magana da yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, tun bayan rabon gadon gona, inda yake ganin yayan ya turo iyaka ya cinye masa kunya shida. Da Babbar Sallar nan sai ga ɗan yayan ya yi sallama da kwano, cinyar rago a ciki, saƙon bai wuce "in ji Baba" ba. 'Ya'yansu kuwa ba ruwansu, su doku da hantsi, da azahar a same su a kwano ɗaya. Yana son ya san abin da ya sa yara ke shiryawa nan take manya su kasa, ko naman nan neman gafara ne, kuma ko dole ne ya yafe.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Na fara koyarwa a firamare tun muna jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, na ƙare a hedimasta. Tun da na yi ritaya kuma da wuya sati ya wuce ba a kira ni zauren dagacinmu ba, in an kawo rikicin gona, ko na aure, ko ɓarnar dabbobi. Akwai wanda na raba shi faɗa yana aji uku, na sake zama a kan maganarsa yana da furfura a gemu.

Mu fara da yaran, tunda su suka ba ka mamaki. Yaro yana da ban haƙuri iri biyu, mu manya kuwa ɗaya muke kula da shi, wato wanda muka koya masa. Ya ɓarar da kunu, uwar ta ɗauko tsumagiya, sai ya zube ya kama kunne yana "Inna na tuba, na bi Allah na bi ki, ba zan ƙara ba." Kalmomin tuba ne cikakku, amma idonsa na kan tsumagiyar. Gobe zai ƙara. Ba taurin kai ba ne, hankalinsa ne bai kai nauyin abin da bakinsa ya furta ba. A kwalejin horon malamai an karantar da mu gwajin wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Siwizalan, Jean Piaget, wanda ya fitar a 1932. Yakan ba yara labarin wasu yara biyu. Ɗaya an kira shi cin abinci, ya turo ƙofa bai san akwai faranti a bayanta ba, ya fasa kofi 15. Ɗayan ya faki idon uwarsa ya hau zai ɗebi kayan zaƙi, ya fasa kofi ɗaya tak. Wa ya fi laifi? Ƙananan sukan ce mai 15, don ɓarnarsa ta fi yawa. Sai sun ƙara tasawa suke fara tambayar abin da mutum ya nufa. Na sha gwada wannan a aji ɗaya da aji biyar, na mai da kofin tulu, kuma haka nakan samu. Malamanmu na zaure sun riga shi da nasu lissafin: a shekara bakwai ake umartar yaro da salla, don lokacin ne wayo yake fara zama, alƙalami kuma ba ya hawa kansa sai ya balaga. Sai dai ka riƙe wannan, za mu dawo kansa: yaron da ba a rubuta wa zunubi, in ya fasa tulun maƙwabciya, tulun nan biyansa ake yi.

Ban haƙuri na biyu babu wanda ya koya masa, ba kuma da baki ake yinsa ba. Nakan tsaya ta tagar ofis lokacin tashin tara ina kallo. Yara biyu da suka yi dambe jiya a wajen langa, har ɗaya ya rantse ya ɓata da ɗan'uwansa har abada. Yau sai ka ga wanda ya fara tsokanar ya sayi ƙuli-ƙuli wurin 'yar talla, ya karya biyu, ya zo ya tsaya a gefen ɗayan, ba ya kallon fuskarsa, ya miƙa hannu.

"Ungo."

Wancan ya ɗan zumɓura baki, ya kau da kai, sannan ya karɓa. Shi ke nan, an wuce wurin. Babu wanda zai ta da maganar jiya. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne babu gona a tsakaninsu, babu girman da zai faɗi, babu majalisar da za ta ce wane ya sauko, sannan langa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya.

To cinyar ragon nan da ka gani, ƙuli-ƙulin nan ne ya girma. Yayanka ya tsaya a gefenka ba ya kallon fuskarka, ya ce ungo.

Za ka ce me ya hana shi buɗe baki ya faɗa? Mu muka hana shi, tun yana ƙarami. In wa da ƙane suka yi faɗa a gidajenmu, da wuya a tsaya bin diddigin wanda ya fara. Ƙaramin za a kalla a ce, "Kai, ba yayanka ba ne? Maza ba shi haƙuri." In an waiwayi babban, iyakaci a ce masa babba juji ne. Yaro ya taso ya gane cewa "na tuba" sama take hawa, ba ta gangarowa: ɗa ya faɗa wa uba, ƙane ya faɗa wa wa, mata ta faɗa wa miji, talaka ya faɗa wa mai sarauta. Ga kuma wani kuskuren da muke yi a gida da makaranta, har ni a ciki: yaro ya amsa laifinsa, sai mu zane shi a kan amsawar, wanda ya yi musu kuma ya sha. Wanda aka rena haka, in ya kai shekara hamsin sai ka ga amsa laifi ya fi masa ciwo a kan cire haƙori.

Ina ɗan shekara goma akuyarmu ta kwance ta shiga waken maƙwabci. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai tambayi kowa ba, ya kama ni ya zane da igiyar guga. Kafin magariba ta fito fili cewa ba ni na ɗaure ta ba ranar, ƙanensa ne. Bayan isha'i ya aika a kira ni zaure, inda yake cin abinci shi kaɗai. Na durƙusa a bakin ƙofa ina jiran ƙarin faɗa. Sai ya turo min akushinsa, da cinyar zabo a kan tuwon, ya ce "cinye," ya juya yana jan carbi. Ranar Lahadi ya goya ni a keke zuwa kasuwar Gujungu ya saya min takalmi. Har ya koma ga Allah bai taɓa ambatar igiyar nan ba. Na gane abin da yake faɗa, na kuma karɓa. Amma ka lura, ga shi na tsufa ina ba ka labarin. Masu cewa yaro ba ya riƙo, faɗan tsara da tsara suke nufi. Abin da babba ya yi masa bisa zalunci, musamman maraya ko ɗan riƙo, yana nan a ajiye. Shi ya sa ni yanzu in na yi wa jikana faɗa ba bisa laifinsa ba, nakan kira shi in ce ya yi haƙuri, kuma har yau hulata ba ta faɗo ba.

Tunda bakin babba ya yi nauyi, sai al'ada ta buɗe masa wasu ƙofofi. Yakan aika baffa, ko kawu, ko goggo, ko aminin da ake jin kunyarsa, da 'yan ƙwaryar goro. Mijin da matarsa ta yi yaji ba ya zuwa biko shi kaɗai, yakan tura manya su faɗi abin da shi ba zai iya faɗa a gaban surukai ba. Sannan ga lokutan da kowa yake neman yafiyar kowa ba tare da an ce don me ba: gab da azumi, bayan saukowa daga Idi, ranar da maniyyaci zai tafi sansanin alhazai yana bi gida-gida, daren da za a kai amarya tana riƙe da ƙafar uwarta tana kuka, mai tsohon ciki da ta ga watanta ya tsaya, da kuma gaban makara, inda liman yake cewa mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, a kuma yafe masa. Amsar ma a haddace take: "Ba ka yi min komai ba, in ma ka yi na yafe duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Waɗannan ƙofofi rahama ne. Gaba da yawa ta mutu a filin Idi ba tare da kowa ya zubar da girmansa ba. Illarsu ɗaya ce, sari ake yi, ba a warware kaya a duba. Don ƙananan saɓani na zo mu zauna zo mu saɓa, sarin ya wadatar. Ga maganar gona kuwa bai isa ba.

Game da gabar kanta babu dogon zance. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ya kuma ce duk Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayin da ba sa shirka, ban da biyun da ke gaba da juna, sai a ce a jinkirta wa waɗannan har su shirya. Ka lissafa Litinin da Alhamis nawa ne a shekara uku. A Risala da muke karantawa a zaure an faɗa ƙarara cewa sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, amma bai kamata ya bar yi masa magana bayan sallamar ba. Balle wannan ba ɗan'uwan Musulunci kaɗai ba ne, nono ɗaya kuka sha, yanke zumunci ne ya hau kan gaba. Yayanka ya riga ka motsawa. Kunya shida kake cewa ya ci maka, kunya ɗaya ce ta hana shi tako ƙafarsa da kansa.

Amma komawa magana daban, sakin haƙƙi daban, kuma a nan ne muke yawan cuɗa abubuwa. Ka tuna tulun maƙwabciya. Littafin da ya ce sallama tana kashe gaba, shi ne ya ce mayar da kayan zalunci yana cikin tuba. Ƙasa kuwa ba abin wasa ba ce. Ya tabbata cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai, kuma an la'anci mai sauya alamar iyaka. Manzon Allah ya ce wanda ɗan'uwansa yake da haƙƙi a kansa ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi lada a biya. Saboda haka in da gaske kunyoyin nan naka ne, cinyar rago ba ta biya su ba, ko da sa ya aiko. Yin shiru kuma ba tausayin yayanka ba ne. Barinsa ka yi da kaya a wuya.

Na taɓa zama a ɗakin wani dattijo da jinya ta ci ƙarfinsa. Shekara da shekaru yana noma kason ƙanwarsa na gado, a kan cewa ita mace ce, tana gidan miji a wani gari. Da ya ji jiki ya sa aka ɗauko ta. Ɗaki cike, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, ya kamo hannunta ya ce ta yafe masa duk abin da ya yi mata. To me za ta ce? Ta ce ta yafe, aka shafa fatiha, mata suna share hawaye. Ina fitowa na same ta a bayan rumbu tana gyara lulluɓi. Ta gaishe ni, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, bakina ne ya yafe." Na je na faɗa wa liman. Allah ya saka masa, bai bari an kwana ba, ya koma ya ambaci gonar da sunanta a gaban mara lafiyar, ya sa 'ya'yan suka yi alkawarin fitar mata da kasonta. Sai a lokacin ta yi kukan gaske. Daga baya ma rabin ta bar wa 'ya'yan nasa, da bakinta, ba wanda ya roƙe ta.

Tun ranar nake jin tsoron irin sulhun da muke yi a gurguje. Mu masu zama a zaure muna da wata lalaci: mukan duba wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa, mu taru a kansa. Ƙarami ne, ko mace, ko mara ƙarfi, shi za a yi ta ba haƙuri har ya ji kunyar jama'a ya ce ya bari. Wanda ya yi laifin yana gefe ko uffan bai ce ba. A tashi ana an sasanta. Bayan shekara goma sai 'ya'yansu su dawo da maganar, da zafin da ya fi na farko, lokacin kuma shaidu sun mutu.

Dole ne ka yafe? Haƙƙinka ba dole ba ne ka bar shi. A Suratus Shura, aya ta 40 ta ce wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah, aya ta 41 kuma ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Suna jere da juna. Yafewar ita ce mafi girma, babu ja. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba, ɗan'uwansa da yake ɗauke da nauyinsa, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana tambaya ko ba kwa son Allah ya gafarta muku, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi. Amma kada wani ya ce maka in ka yafe dole zuciyarka ta yi fari tas a ranar. Annabi Yusuf ya ce wa 'yan'uwansa babu zargi a kanku yau, nan take. Mahaifinsu Annabi Yaƙub da suka roƙe shi, cewa ya yi da sannu zai nema musu gafara. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu ya zo ya musulunta, Manzon Allah ya karɓe shi, amma ya tambaye shi ko zai iya kau da fuskarsa daga gare shi. Ciwo yana da nasa lokacin warkewa. Abin da ake nema a gare ka shi ne ka daina fatan sharri, ka daina "Allah ya isa" a kan sallaya, ka bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Ɓangare ɗaya na ji. Iyakokin gonakinmu gamba ce, da kututturen aduwa, da abin da tsofaffi suka tuna. Gamba tana yaɗuwa, garmar shanu tana cin gefe kaɗan-kaɗan kowace damina ba tare da kowa ya nufa ba. Sau da yawa kuma in aka tona irin wannan rikici sai a tarar ba gonar ba ce asali. Babban wa yana ganin shi ya yi jinyar uba, shi ya ciyar da gida, wataƙila shi ya yi wa ƙanen aure, ba a taɓa ce masa sannu ba, sai ya biya kansa da kunyoyi. Ba daidai ba ne, gado ba a biyan ladan wahala da shi sai da yardar magada, amma sanin hakan yana sauya yadda za ka shiga maganar. Ka kuma duba facaloli. Wani lokaci maza sun daɗe da hucewa, wutar tana can cikin gida ana iza ta a bakin rijiya.

In ni ne kai, ga yadda zan yi. Kwano ba a mayar da shi wayam. Ka sa maiɗakinka ta zuba wani abu, ko fura ce ko ƙwan zabi. Kada a ba yaro, kai za ka ɗauka. Bayan la'asar ka yi sallama a ƙofar gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kuna yara, ka ce, "Yaya, mun ga saƙo, Allah ya maimaita mana." Ka tambayi iyali, ka tashi. Kada ka ta da zancen gona ranar, ko shi ya ɗauko ka ce a bari tukuna. In kun yi sati biyu ko uku kuna gaisawa a masallaci, sai ka sami baffanku ko wani dattijo da yayan yake jin nauyinsa, ka gaya masa kana son a sake duba iyaka don kada ku bar wa 'ya'yanku rigima. Faɗin haka ya fi "ya ci min gona" saurin shiga kunne, kuma gaskiya ne.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ba a taɓa iyaka da shuka a tsaye. A bari a yi girbi, a kwashe kara, a je da rani kafin sharar gona, tare da waɗanda suka halarci rabon farko in suna raye, da liman, da mai unguwa, da maƙwabtan gona na kowane gefe. A ja igiya a gaban kowa, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi, a ajiye ɗaya wurin dagaci. In abin ya faskara akwai dagaci, akwai hakimi, akwai ofishin Hisba, kotun shari'a tana can ƙarshe. Zuwa kotu ba haramun ba ne, sai dai na ga 'yan'uwa kaɗan ne suka koma cin tuwo tare bayan an karanta musu sammaci. Ko an kai can, kada ka fasa gaishe shi.

In igiya ta nuna kunyoyin naka ne, kana da zaɓi: ka karɓa, ko ka bar masa wasu, ko duka, amma ka faɗa da bakinka a gaban shaidu cewa kyauta ce, don ta halatta gare shi. In ka ga ya sunkuya yana mayar da gamba inda take, kada ka tsaya jiran "na tuba," ba za ka ji ta ba. Ka karɓi fartanyar hannunsa ka ƙarasa dashen. In kuma igiya ta nuna nasa ne tun asali, to kai ne ƙarami, kalmar ba baƙuwarka ba ce.